Yadda Aka Cinye Mini Gonar Gwaji a Togo

Tun da na dawo unguwarmu Maamobi ba a bar ni na huta ba. Memuna ta tare ni a bakin famfo, Fati ta biyo ni har cikin trotro, motar haya, kowa tambayarsa ɗaya: yaya Togo, me ya zaunar da ke wata uku, ko miji kika samu. Ban samu miji ba. Baƙi na ƙara, tafin hannuna ya yi kanta, kuma na gaji da maimaita labari ɗaya. Ga shi nan na rubuta. Wadda ta sake tambayata, wannan zan tura mata a waya.

Kun san Mma, uwata, da waakye ɗinta, shinkafa da waken da take sayarwa a bakin titi. Kun kuma san ba shinkafar ce ke jawo mata layi ba, wagashin da take soyawa ne, cukun nan na nonon shanu. Abin da ba ku sani ba shi ne daga shanunta yake fitowa. 'Yan shanu ne da ta gada wajen babanta, suna hannun yayanta Kawu Isa a wani ƙauye bayan Sokode. Matarsa Anti Asana ke yin wagashin, direbobi su kawo mana nan Ankara ta Gana. Da rani ciyawa ta ƙone, nono ya ɗauke, shanun su zama ƙashi da fata. Bara saniya ɗaya ta kwanta ba ta tashi ba. Sai ga saƙon muryar Kawu a farkon bana: ba zai ƙara kallon dabba tana mutuwa a gabansa ba, zai sayar da su kafin rani. Mma ta saurara tana juya wagashi a mai, hawaye na zuba, ta ce hayaƙi ne. Da gas take girki.

Ni kuma da bakin nan nawa na ce ai a ajin noma an koya mana silej. Ana sare masara tana ɗanya, kara da ganye da goyo gaba ɗaya, a yayyanka, a danne a rami, a rufe kar iska ta shiga. Ta tsimu, da rani a buɗe a ba shanu. Na ce abin da ya rage kawai a gwada iri uku ko huɗu a ƙananan filaye, a ga wanda ya fi cika rami, kafin a ɓata babbar gona. Mma ta dube ni ta ce, "Tunda ke kika iya, ke za ki je."

Haka na tsinci kaina a tashar Tudu da jaka ɗaya da ƙullin iri uku da na saya. Sunayensu na takarda lambobi ne da ba mai riƙewa, don haka na raɗa musu nawa: Doguwa, fara ce mai tsawo, 'Yar Sauri, mai saurin nuna, da Rawaya, mai ƙwaya da tauri.

A motar Aflawo, garin kan iyaka, Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya mai fataucin robobi. Ba mu bar Tema ba ta san sunana, sunan uwata, da dalilin da ya sa ban yi aure ba, wanda ita ta ƙirƙiro da kanta. Ta ɗora mini jakarta a cinya wai ƙafarta na ciwo. Na sayi dafaffen ƙwai, ta taya ni ci ba tare da na ce bismilla ba. Da na gaya mata abin da zai kai ni Togo, ta ce in rage karatu, yana taɓa kai.

A kan iyaka da ƙafa ake tsallakawa, ga masu canji suna ta kaɗa takardun sefa a fuskarka, ga masu dako suna fizgar jaka. Wani ma'aikaci ya kwance ƙullina, ya zuba iri a tafin hannunsa, ya tambaye ni ko an ce mini masara ta ƙare a Togo. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi dariya, suka ɗaure mini suka ce in wuce. A nan dai Hajiya ta yi rana, don da mun taka ƙasar Togo Turancina ya mutu. Ita ce ta yi Faransanci, ta yi Ewe, ta yi faɗa da mai zemijan, babur ɗin haya ke nan, har ya yarda ya ɗauke mu. Motar arewa ta riga ta tashi, sai ta ce in kwana gidanta a zangon Lome. Na kwana tsakanin bokitai da bahon roba, da safe ta ba ni burodinsu dogo mai tauri kamar sandar duka, an tsaga cikinsa an zuba wake da mai. Na tuna burodinmu mai laushi, na ci dai. Wani abin da ya ba ni haushi a garin: da rana ta take, sai ka ga shaguna da yawa sun ja ƙofa, wai hutu. A Nima, maƙwabciyar unguwarmu, ka rufe shago da tsakar rana, maƙwabta za su zo gaisuwar mutuwa.

Hanyar Sokode ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Mota ba ta tashi sai ta cika, in ta cika kuma ba ta cika ba, sai an ƙara mutum kusa da direba. Akwai akuya a ƙarƙashin kujerata da ta gano ƙullin Doguwa ta fara tauna zanen. Sauran tafiyar a ƙirjina na rungume irin kamar jariri. A Atakpame muka tsaya cin sakwara, wannan kam ban da abin cewa, sun iya.

A ƙauyen Kawu abin da ya fara gajiyar da ni gaisuwa ce. Mu a Maamobi kana tafiya kana gaisawa, kafin a amsa ka sha kwana. Can sai ka durƙusa, a tambayi hanya, a tambayi gajiya, a tambayi Mma, a tambayi mutanen Ankara kamar ni na ƙirga su, kana ta amsawa gwiwa na ciwo. Ka tashi, wata tsohuwa ta shigo, a koma farko. Kotokolina, yarensu ke nan, bai wuce na roƙon ruwa ba, Hausata kuma Kawu, da ya yi yawon Nijar da ƙuruciya, ya ce ta zango ce, ba ta bambance mace da namiji. Aka ba ni ɗaki tare da buhunan gawayi da wata kaza mai kwanci da ta ɗauka ni ce na shigo mata.

Kawu bai ɓoye mini ba. Ya ce ya yarda ne don ƙanwarsa ta yi kuka. Zai ba ni gonar bayan gida in yi gwajina da ruwan farko. In na nuna masa iri ɗaya da ya gamsu da shi, zai shuka shi a babbar gona a shuka ta biyu, tunda ɗanye za a sare, ba sai an jira ta bushe ba. In ban nuna ba, dillalin shanu na nan. Ya kuma ce dole a sa irin gidan a ciki, wanda babansu ya bari. Na ce dama ina so, don a sami abin kwatance. Muka kira shi ta Kaka. Iri huɗu ke nan.

Gonar gangare ce. Sama tsakuwa, tsakiya dama-dama, ƙasa kusa da rafi baƙar ƙasa mai kyau. Kawu ya riga ya gama rabo a kansa: ta Kaka a bakin rafi, don girmanta, baƙin iri kuma su hau tsakuwa. Na ce in aka yi haka ƙasa za mu gwada, ba masara ba. Na sa igiya na raba gonar gida uku, sama da tsakiya da ƙasa. Kowane gida na yanka shi fili huɗu daidai da juna, da 'yar hanya tsakani, don kowane iri ya ɗanɗana tsakuwa, ya ɗanɗana tsakiya, ya ɗanɗana bakin rafi. Kawu ya ce bai taɓa ganin mai hankali ya shuka abu ɗaya wuri uku a gona ɗaya ba.

Rigimar gaske ta zo wajen wane iri zai zauna a wane fili. Na samo murafun kwalba huɗu, na yi wa kowanne alama, na zuba a ƙwarya, na ce a rufe ido a ɗauka, don kar son zuciyar kowa ya shiga. Kawu ya ce caca ce, ba a gonarsa ba. Sai da aka kira liman, ya zo da carbinsa ya saurari kowa, ya ce ƙuri'a ce, ba wanda zai ci na wani. Kawu ya ɗauka da hannunsa. A gidan sama ta Kaka ta faɗa kusa da suri. Ya ce a sake. Na ce ba a sakewa. Ya ce uban wa ya ce. Na ce hannunsa ne ya ɗauka. Ranar bai amsa gaisuwata ta yamma ba.

Muka shuka duka rana ɗaya, tazara ɗaya, taki ɗaya, na tsaya a kan kowa kamar 'yar sanda. Na zagaye gonar da layi biyu na masara na musamman, na tara mutanen gida na yi musu bayani da Hausa, Kawu na juyawa da Kotokoli: waɗannan layukan gefe naku ne, ku ci, awaki su ci, mai wucewa ya ci. Na ciki kuwa ko ganye kar a taɓa, don aunawa za a yi. Kowa ya gyaɗa kai. Ku riƙe wannan gyaɗa kan.

Abin da ya biyo baya, in na ce zan faɗa duka, sai wayarku ta cika. Turakun da na kafa na alama, wani ya cire biyu ya ɗaure tunkiya. Igiyar awona na same ta da wankin Anti a kai. Wata safiya na ga wasu 'yan tsirrai a hanyoyin da na bari tsakanin filaye, ashe Anti ce ta bi ta zuba kuɓewa, wai ba a barin ƙasa tsirara, kunya ce ga gida. Na tuge. Ta sake zubawa. Na sake tugewa, muka yi kwanaki tana ba ni tuwo ba ta kallon fuskata. Daga baya na ba ta wani lungu a wajen igiya, aka shirya. Ba muguwa ba ce, ita ce ma ke dafa mini ruwan wanka in na dawo jiƙe. Kawai dai duk abin da na ce, tana ɗaukarsa maganar yarinyar birni da za ta wuce.

Abin da ba su taɓa haɗiyewa ba shi ne binnewar. Masu zuwa rafi sukan tsaya su tambaya ko gaskiya ne za a sare masara da goyonta a tura rami don saniya. Wata tsohuwa ta ce mini a zamaninsu ko ƙwaya ɗaya ta faɗi sai an tsince. Na yi bayani har na gaji: goyon shi ne ƙarfin abincin, in babu shi kara kawai ka binne. Su ce to, Allah ya kyauta.

Masara ta yi. Doguwa ta wuce kaina nesa, har Kawu ya fara zagayawa da asuba yana yi kamar tunkiyarsa yake nema. Layukan gefe kuwa tun suna ruwa-ruwa aka gama da su, dama nasu ne. Dillali ya zo sau ɗaya, ya buɗe bakin shanun Mma, ya mammatsa musu baya, ya ce zai dawo ranar kasuwa. Na bi filaye ina matsa ƙwaya da farce. Da na ga ta daina fitar da ruwan madara, ta koma kamar ƙullu, na san lokaci ya yi. A wajen cin tuwo na sanar: gobe za a sare a auna, jibi in kama hanyar gida.

Da safe na hau babur zuwa ƙauyen gaba aro sikelin mai sayen waken suya. Da na dawo, na tarar da buhu a tsakar gida, cike, an ɗinke bakinsa. Gefe guda tulin ɓawon masara ɗanye shar, ga tukunya na tafasa. Anti na zaune da maƙwabtanta biyu, fuskarta fal murna. Ta ce tsarabar Mma ce. Na tambaye ta daga ina. Ta nuna bakin rafi da haɓa.

Na ajiye sikelin na ruga. Gidan ƙasa gaba ɗaya, wanda ya fi kowanne kyau, an bi shi kara-kara. Doguwa tsaye ba goyo. 'Yar Sauri haka. Ta Kaka haka. Ba ma na baki-baki suka ɗiba ba, tsakiya suka shiga suka zaɓi manya. Fili ɗaya ne ba a taɓa ba, na Rawaya.

Na dawo tsakar gida a guje. Na ce, "Anti, ban ce na ciki ba a taɓawa ba?"

"Kin ce. Amma jiya kin ce za ki tafi."

"To sai me?"

"Sai ki shiga gidan uwarki hannu biyu? Ki yi wata uku a gidana, a ce matar Isa ta sallame ki da iska? Na gefen mun cinye tun tuni. Ko da yana nan ma, ba a kai wa dangin miji na gefe." Ta ƙara da cewa ai karan na nan, ba su taɓa ko ɗaya ba, saniya ba ta san bambanci ba.

Na tambaye ta me ya hana su Rawaya. Ta yamutsa fuska ta ce wannan ko kaza sai ta yi shawara kafin ta haɗiya.

Na faɗi maganganu. Ba zan rubuta su ba, don Mma na iya sa a karanta mata. Na ce a kwance buhun in mayar da kowane goyo filinsa a lissafi, sai na ga an ɓare su, an gauraya, farare duk kama ɗaya, wasu ma suna cikin tukunya. Na zauna a kan turmi na yi kuka na haushi, ina tuna dillalin nan da yatsunsa a bakin shanun Mma. Kawu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Adiza, ba wuri uku kika shuka ba? Saura biyu. Tashi rana na yi."

Ban gode masa ba, amma na tashi. Muka sare gidan sama da na tsakiya, fili-fili, muna ɗaurewa muna ratayawa a sikeli a reshen mangwaro. A sama Doguwa ta fi nauyi, a tsakiya ma ita ce. Rawaya na bin ta a baya ba da nisa ba. 'Yar Sauri ba ta da jiki. Ta Kaka ta zo ƙarshe duka biyun, har inda ba suri, Kawu ya ce sikelin aro ne. Muka yayyanka da adda, muka danna a manyan durom na roba, aka tattake, aka rufe.

Na ce to, magana ta ƙare, Doguwa za a shuka a babbar gona. Kawu ya kama hannuna. Ya ja ni zuwa bakin rafi, ya tsaya tsakanin Doguwa da aka yi wa tsirara da Rawaya da ke tsaye da goyonta cif.

Ya ce, "Babbar gona a bakin hanyar kasuwa take. Kafin ta nuna, za a yi suna, za a yi baƙi, wani zai yi tafiya. In hana matata ta yi wa baƙo tsaraba? In hana liman?"

Na ce a yi shinge.

"Shinge na akuya ne. Wannan rawayar za a shuka. Ita kaɗai za ta kai rami."

Na ce sikeli bai ce haka ba. Ya ce ya ji sikeli, kuma ya ga gona. Na ce to shanun fa. Ya ce in dillali ya zo zai sha ruwa ya koma, a gwada rani ɗaya.

Har yau ina nan a kan bakana: Doguwa ce ta ci gwajin, wuri biyu cikin biyu, kuma da an bar mini na uku da ta ci shi ma. Amma ba don Doguwa aka aike ni ba.

Washegari Anti ta raka ni bakin hanya, ta sa aka ɗora buhun a mota, ta ƙara mini da wagashi a ganye. Na durƙusa na yi mata gaisuwar sallama irin tasu, doguwar, har ƙarshe. Buhun nan ya wahalar da ni fiye da noman. A Lome mai zemijan ya ce ko ni ko shi. A kan iyaka kuma, cikin duk ma'aikatan duniya, sai na faɗa hannun mutumin nan na farko. Ya leƙa buhu, ya dube ni, ya tambaya ko yanzu a Gana ce ta ƙare.

Makon jiya Kawu ya aiko da saƙon murya. Rawaya ta kai gwiwa a babbar gona, an fara haƙa rami. Ya buɗe durom ɗaya don ya gani, tsamin ya cika unguwa har wani maƙwabci ya zo yi masa nasiha a kan giya, amma shanun sun kusa ture shi wajen ci. Ko nono zai tsaya har ƙarshen rani, ban sani ba, sai ranin ya zo. Shanun dai suna nan, Mma ta sa saƙon ta ji ya fi sau nawa, ba ta ce hayaƙi ba.

Ke Memuna, ke Fati, ranar da na sauka kuna ƙofar gidanmu. Mma ta hura gawayi, ta kwance buhu, kuka zauna kuna gasawa kuna ci, kuna cewa ba ku taɓa cin masara mai daɗin wannan ba, kuna tambayata me na je yi a Togo. Abin da na je yi ke nan kuka ci.